Iyayen 'yan sekonde, ku san fadar ɗanku

Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara ce ga wanda yaronsa ya ci BEPC, jarrabawar ƙarshen kolaji, zai shiga lise a oktoba. Ajin sekonde, ajin farko na lise, nan ne ake sake abokai, yara daga kolaji daban daban, 'yan Birni da 'yan Zango da waɗanda suka zo daga ƙauye, kowa na neman inda zai raɓa kuma wallahi cikin wata guda yaro ya canza tafiya da aski da magana don kar a ce mai baƙauye.

Kar ku hana shi fada, wato majalisar samari, kai tsaye, ɓoyewa kawai zai yi. Ku ce su riƙa dafa shayinsu a ƙofar gidanku, ko sukari ne ku saya musu, haka za ku gane wa ke jan ragama, wa ke dibuwar wa ke zaman salula har dare. In zai zaɓi seri, wato fannin karatu, A ko C ko D ku tambayi mushensa, malaminsa ke nan, tukuna, da yawa suna bin abokai ne su shiga D alhali lissafi bai zauna ba, sai a taminal, ajin ƙarshe, jarrabawar bak ta gagara.

'Yan mata ma suna da nasu rukunin fa, gasar anko da waya, Hajiya ke za ki duba wannan.