Yadda ake aiki da injin yanka da injin huda na hannu ba tare da an ji rauni ba

Duk inda ake gini a Sakkwato, ko a Arkilla ne ko Mabera ko hanyar Wamakko, kafin ka hango ma'aikata za ka fara jin kukan injin yankan ƙarfe. Mai walda na aiki da shi, haka mai tayil da mai alminiyam da kafinta, har magidanci ma yanzu yakan sayi injin huda ya ajiye don rataye labule ko kafa talabijin a bango. Yawancin masu riƙe waɗannan injina da ido suka koya a gaban oga, kuma abin da oga ya saba yi shi yaro ke ɗauka, daidai ne ko kuskure. Da yawa daga cikin raunukan da ake ji tun kafin a fara yanka ake jawo su: wurin jona waya, wurin makunni, wurin ɗaura faifan yanka a jikin inji. Don haka a nan za mu fi daɗewa.

Da farko, waya da filogi

Kafin ka kusanci soket, bi wayar injin da yatsunka tun daga gindi har ƙarshe. In ka ji tsagewa, ko ka ga jan ƙarfen ciki ya leƙo, ajiye injin sai an canza wayar. Haɗin da aka naɗe da leda ba haɗi ba ne, zafin rana kaɗai ya isa ya lalata ledar. Sai ɗabi'ar nan ta yanke filogi a cusa tsiraran wayoyi biyu cikin soket, a tokare su da tsinken ashana. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, kuma abin da ke tsayar da zuciyar mutum bai kai abin da ƙwan fitila na da yake ja ba. A bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, hannu a jiƙe yake da zufa, kuma jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin ba wuta hanya. Ka sa filogi mai ƙafa uku, ka tabbatar an haɗa wayar ƙasa. Injin da ke ɗauke da alamar murabba'i cikin murabba'i shi ne mai rufi biyu, ba ya buƙatar wayar ƙasa, amma shi ma yana buƙatar filogi. Mai shago da ke da hali ya sa mai gyaran wuta ya ɗaura masa na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke katse wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum. In doguwar waya ce ta naɗi, a warware ta duka, don in tana naɗe takan ɗauki zafi.

Na biyu, makunni

Wannan matakin ya fi shafar mu fiye da mutanen ƙasashen da aka ƙera injinan, domin su ba kasafai ake ɗauke musu wuta ana tsaka da aiki ba. Yawancin ƙananan injinan yanka makunninsu na turawa ne, in ka tura ya maƙale a kunne. Kana cikin yanka sai Nepa su ɗauke, inji ya yi shiru, ka ajiye shi a ƙasa ka tafi shan ruwa ko alwala. Da an dawo da wuta, ko wani ya tayar da janareta a bayan shago, sai injin ya tashi shi kaɗai, ya yi ta tsalle a ƙasa da faifai yana juyawa, wanda duk ƙafarsa ke kusa shi zai samu. Mafi muni shi ne yaron da ya ga babu wuta ya ce bari ya canza faifai, yatsunsa na kan noti sa'ad da aka kawo.

Ƙa'idar guda ce: da zarar an ɗauke wuta, kashe makunni, sannan ka zare filogi. Haka kuma duk lokacin da za ka canza faifai ko bakin huda ko ruwan zarto. In mai batir ne, cire batirin. Oga ya riƙa faɗa har ta zauna. In ya ce, "Kai yaro, zare waya tukuna," yaro ya ce, "Oga, ai babu wuta," amsar ita ce, "Ko da babu, zare." Mai tayar da janareta kuwa ya ɗaga murya ya sanar kafin ya ja igiya.

Na uku, faifai da marfinsa

Ƙaramin injin yanka mai faifan milimita 115, wato inci huɗu da rabi, yana juyi kusan 11,000 a minti ɗaya. Bakin faifan na gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Babban inji mai faifan milimita 230, wato inci tara, juyinsa kusan 6,500 ne, kuma faifansa an yi shi ne ya jure kusan 6,600. To ka ga wanda ya kwance marfin kariya don ya ɗaura babban faifai a ƙaramin inji yana juya shi ne fiye da ƙarfinsa nesa ba kusa ba. In ya tarwatse, gutsattsarinsa fuska da wuya da ciki suke nufa, ga kuma marfin da zai tare su an jefar da shi ƙarƙashin benci. Kowane faifai an rubuta iyakar juyinsa a jiki. Karanta, ka gwada da lambar da ke jikin injin. Ta faifai dole ta kai ta inji ko ta fi ta.

Faifan yanka yana tsufa ko ba a taɓa shi ba. A jikin zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa akan buga shekarar da wa'adinsa zai ƙare, yawanci shekara uku daga ƙerawa. In za ka saya a kasuwa, juya shi ka duba. Wanda ya faɗi ƙasa, ko ya sha damina, ko gefensa ya ɓantare, a karya shi a zubar don kada wani ya tsinta. Siririn faifai na yanka ne kawai, kada a goge walda da gefensa. Na gurzawa daban yake, ya fi kauri, kuma a karkace ake riƙe shi, kamar digiri 15 zuwa 30. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ɗaura ruwan zarto mai haƙora a injin yankan ƙarfe don yankan katako. Haƙoran kan cafki katako su wurgo injin kan mai shi kafin ya ƙifta ido.

Bayan ka ɗaura, ka matse noti da sifanarsa, ba da guduma da kurfi ba. Juya marfin ya shiga tsakaninka da faifai. Sannan ka kunna, ka bar shi ya yi gudu kamar minti ɗaya ba tare da ya taɓa komai ba, kana gefe, ba kowa a saitinsa. In ka ji yana kaɗawa ko ƙararsa ta canza, kashe.

Wani zai ce shekara da shekaru yana yi babu marfi, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sabo turken wawa. Mu da aka koya wa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, bai kamata mu fake da ƙaddara mu bar marfi a ƙasa ba.

Na huɗu, jikinka

Babbar riga da rawani da kaftani mai faɗin hannu ba kayan aiki ba ne. A tuɓe su a rataye, a cire carbi da agogo da zobe, a sa takalmi rufaffe maimakon silifa. Gilashin kariya mai rufe gefe wajibi ne, baƙin tabarau na kwalliya ba ya tare tartsatsi. Kunne ma a toshe shi da abin toshewa, domin ƙarar da ta wuce desibel 85 tana cin ji a hankali, injin yanka kuwa ya wuce haka, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Mai yankan tayil ko bulo ko kankare ya san farar ƙurar nan ba irin ta hunturu ba ce. Tana ɗauke da silika, wadda ke taruwa a huhu ta haifar da cutar da ba a warkewa. Ƙyallen da aka ɗaura a hanci ba ya tare ta, sai takunkumi irin N95 ko FFP2, kuma a waje ake irin wannan yanka, iska na kwashe ƙurar daga gare ka. Safar hannu tana da amfani wurin ɗaukar ƙarfe mai kaifi, amma a injin huda a bar ta, bakin na iya naɗe ta ya haɗa da yatsa.

Na biyar, wurin aiki da yankan kansa

Dubi inda tartsatsi zai sauka, don yana iya yin nisan mita da yawa. Jarkar fetur ta janareta, tina (ruwan tsinka fenti), fenti, soso, ɓuntun katako, duk a kawar. Kada a taɓa yanka duro ko tankin da aka taɓa zuba mai a ciki, ko da ya daɗe a bushe. A kori yaran unguwa da ke taruwa kallo. Abin da za a yanka a matse shi a kan benci. Taka rodi da ƙafa ko sa yaro ya riƙe da hannu ba matsewa ba ce.

Riƙe inji da hannu biyu, da mariƙin gefe a ɗaure. Bari ya kai cikakken gudu kafin ya taɓa ƙarfe, kada ka danna, nauyinsa ya isa. Tsaya gefen layin yanka. A tallafi ƙarfen yadda guntun zai faɗi waje bakin yankan ya buɗe; in ya rufe ya matse faifai, injin zai harbo baya. In ka gama, jira faifai ya tsaya cak kafin ka ajiye.

Mai huda bango ya tuna wayoyin wuta kan bi sama ko ƙasa ko gefen soket da makunni a miƙe, don haka kada ya huda a saitinsu. Ya cire makullin da ake matse bakin huda da shi kafin ya kunna. Mai zarton lantarki ya daidaita zurfin ruwa yadda haƙori ɗaya kawai zai leƙo ƙasan katako, ya zare ƙusoshin katakon da aka kwance bayan zuba kankaren rufin bene, kada kuma ya ɗaure marfin kariyar da ke ƙasan ruwan zarton da waya don ya zauna a buɗe. Batir ba ya son rana, kada a bar shi cikin mota ko a yi cajinsa yana da zafi. A watan azumi ko tsakiyar bazara a yi aikin yanka da safe, hannun da ya gaji ba ya riƙo da kyau.

In abu ya faru

Wanda wuta ta kama, a kashe ta daga tushe ko a ture shi da busasshen katako, kada a taɓa shi da hannu. Yanka mai zubar jini a danne shi da tsaftataccen ƙyalle a ɗaga wurin sama. Kada a zuba man birki ko fetur ko ƙasa, kuma a je a yi allurar tetanus. Ƙarfen da ya shiga ido kada a murza, kada a nemi cire shi da tsinke ko bakin takarda, a rufe idon a tafi asibiti. In yatsa ya guntule, a naɗe guntun da tsaftataccen ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a wuce da mai raunin da guntun kai tsaye sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru.