Daga Dutin Dare Zuwa Aikin Kodin: Yadda Nas Za Ta Sauya Layi a Amurka

Tun da na bar aikin gefen gado na koma kodin, wato aikin mayar da rubutun likita lambobi (medical coding), 'yan'uwana nas-nas da ke nan Amurka ba su bar wayata ta huta ba. Tambayar kusan ɗaya ce kullum: "Anti, wace jarrabawa zan zauna?" Ni kuma sai in ce su fara gaya mini kujerar da suke so su zauna a kai, domin satifiket ɗin da ya dace da mai aikin ƙaramin asibitin likita ba shi ne na mai aikin babban asibiti ba. Da mata nake magana don su suka fi yawa a cikinmu, amma maza ma duk ya shafe su.

Aikin kansa ga yadda yake. Likita ya ga mara lafiya ya rubuta abin da ya samu da abin da ya yi masa. Ke za ki karanta wannan rubutu ki mayar da shi lambobi, lambobin ne ake tura wa kamfanin inshora ko Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ga tsofaffi, su biya kuɗi. Littattafai uku ne kayan aikin. ICD-10-CM shi ne na cututtuka, Amurka ta koma kansa ranar 1 ga Oktoba 2015, kuma lambobinsa sun kai wajen 70,000. Ciwon suga nau'i na biyu da bai taɓa wata gaɓa ba E11.9 ne, hawan jini I10. CPT, na ƙungiyar likitocin Amurka AMA, shi ne na ayyukan da aka yi, tun daga ganin likita a ofis, irin su 99213 da 99214, har zuwa tiyata. HCPCS mataki na biyu kuwa na kaya ne, da allurai, da motar ɗaukar marasa lafiya. Idan mara lafiyar da aka kwantar ne, ana saka ayyukan da ICD-10-PCS, wanda kowace lambarsa gurbi bakwai ce cif.

Kafin ki biya ko sisi, ki zauna da lissafin albashi. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na Mayun 2023 sun nuna tsaka-tsakin albashin nas mai rajista dala 86,070 ne a shekara, na masu aikin bayanan marasa lafiya kuwa, inda aka saka masu kodin, dala 48,780. Wannan rata ba ƙarama ba ce ga wadda take biyan haya a nan tana kuma aikawa gida duk wata. Masu tallar kwasa-kwasai a intanet ba sa son a ambaci wannan. Abin da za ki samu a madadinsa shi ne bayanki ya huta da ɗaga marasa lafiya, ki daina tsayuwar awa 12, ki yi sallah a kan lokaci, watakila daga baya ki yi aikin daga ɗakinki. Kada ki bar lasin ɗinki na nas ya mutu ko da kin sauya layi, domin shi ne zai maido ki kusa da tsohon albashinki, zan zo kan wannan.

Ƙungiyoyi biyu ne ke riƙe da satifiket ɗin da masu ɗaukar aiki suka sani. AAPC, da aka kafa a 1988, ita ke ba da CPC, wanda ya fi ƙarfi a aikin likitoci da na marasa lafiyar da ba a kwantar ba. Tana kuma da CRC, na masu duba cututtuka masu daɗewa don tsarin Medicare Advantage, wato Medicare da ake samu ta hannun kamfanonin inshora masu zaman kansu. Wannan ya fi sauƙin shiga ga nas, saboda kusan duk aikinsa ICD-10-CM ne, kuma ciwon suga da ƙoda da zuciya ne za ki yi ta gani, abin da kika saba da shi. AHIMA, da ke Shikago, ta girme ta nesa ba kusa ba, tun 1928 take. Ita ke ba da CCS, wanda manyan asibitoci suke girmamawa wajen kodin na waɗanda aka kwantar. CCS ta fi CPC tsauri, don a wani sashenta ana ba ki labarin mara lafiya ne ki tantance lambobin da suka dace da shi. Shawarata: wadda ta yi shekaru a ɗakin kwanciya ko sashen kulawa ta musamman, ta nufi CCS. Wadda ta fito daga ƙaramin asibiti ko aikin bin marasa lafiya gida, ta fara da CPC ko CRC.

Yanzu ga inda nas-nas suke tuntuɓe, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki. Ilimin jiki da sunayen cututtuka, wanda wasu ɗalibai ke shafe watanni suna fama da shi, ke kin riga kin shanye. Matsalarki ita ce kin san abu da yawa. An horar da ke ki kalli sakamakon gwaji ki gane abin da ke faruwa kafin likita ya iso. A kodin, wannan haramun ne. Ɗauki misali: gwajin jini ya nuna sinadarin fotasiyam ya sauka zuwa 2.9, likita ya rubuta a ba da maganin ƙara shi, kin ga a katin magani an ba da. Kowace nas ta san sunan wannan hali, kuma lambarsa E87.6 tana nan tana kallonki. Amma in likita bai rubuta cutar da hannunsa ba, ba ki da ikon sakawa. Haka wanda jininsa ya faɗi zuwa 7 bayan tiyata aka ƙara masa leda biyu. Zuciyarki za ta ce D62, ƙarancin jini saboda zubar jini. Doka ta ce ki jira likita.

Abin yi shi ne ki tura wa likitan tambayar neman ƙarin bayani a rubuce. Ita ma tana da ladubba. Za ki jero abin da ke cikin fayil, wato sakamakon gwajin, da maganin da aka ba da, da ranar, sannan ki tambaye shi ko akwai cutar da waɗannan suke nunawa, ki ba shi zaɓi har da "wani abu daban" da "ba za a iya tantancewa ba". Ba a sa masa amsa a baki, ba a kuma ambaton cewa kuɗin asibiti zai ƙaru. Ƙara wa lamba nauyin da rubutu bai ɗauka ba, a fayil ɗin Medicare, yana iya jawo shari'ar damfarar gwamnatin tarayya, kuma sunan wadda ta saka lambar yana nan a kwamfuta.

Akwai 'yan wuraren da aka yarda a ɗauki rubutun nas, sai ki haddace su. Matakin gyambon kwanciya yana ciki: in likita ya rubuta cewa akwai gyambon a ƙasan baya, kan ƙashin sacrum, nas kuma ta rubuta mataki na uku, za ki iya saka L89.153. Ma'aunin nauyi da tsawo na Z68 shi ma haka, muddin likita ya ambaci ƙiba ko rama. Sai wata ƙa'ida da ke ruɗa sababbi: in likita ya ce "mai yiwuwa" ko "ana zaton" wata cuta, a wanda ba a kwantar ba alamomin kawai za ki saka, amma a wanda aka kwantar, in har zaton yana nan a takardar sallama, yawanci ana saka cutar kamar ta tabbata. A ɗaya gefen kuma, littafin da kansa yana haɗa wasu cututtuka ko likita bai haɗa ba. Mai ciwon suga da ciwon ƙoda mai daɗewa E11.22 ne tare da lambar matakin ƙodar daga N18, mai hawan jini da gazawar zuciya kuma ya tashi daga I10 ya koma I11.0, sai dai in likita ya bayyana cewa ba su da alaƙa.

Duk waɗannan suna cikin ƙa'idojin hukuma da ke farkon littafin ICD-10-CM, kuma ana samunsu kyauta a shafin CMS, hukumar da ke kula da Medicare. Ni da su nake cewa a fara. Ki karanta su da biro a hannu, ki sake karantawa. Ki saba wa hannunki da tsari ɗaya: neman cuta a jerin haruffa tukuna, sannan ki je babban jeri ki tabbatar, ki duba gargaɗin da ke ƙarƙashin lambar game da abin da ba a haɗa ta da shi. Masu gaggawa da suke tsayawa a jerin haruffa su ne suke rasa gurbi na shida da na bakwai.

Jarrabawar CPC tambaya 100 ce cikin awa 4, ana cin ta da kashi 70, kuma da littattafanki a gabanki za ki zauna. Kada buɗaɗɗen littafi ya yaudare ki. In kin raba lokacin, kowace tambaya minti 2 da daƙiƙa 24 take da shi, alhali wasu rahoton tiyata ne mai cika shafi. An yarda ki yi rubutun hannu a gefen shafuka, amma ba a yarda da manna takarda ba. Ki sayi littattafan shekarar da za ki zauna, domin CPT yana sabuntuwa duk 1 ga Janairu, ICD-10-CM kuma duk 1 ga Oktoba. Tsohon littafin ƙawa arha ne mai tsada. Inda nas take shan wuya shi ne CPT, musamman 'yan lambobi biyun nan da ake liƙawa a bayan lamba, modifaya, irin su 25 da 59, da kuma tantance matakin ganin likita, wanda tun 2021 ake auna shi da nauyin shawarar da likita ya yanke ko lokacin da ya ɓata. Ki ba waɗannan kaso mafi tsoka na karatunki, ki bar ilimin jiki. Ki riƙa gwajin jarrabawa da agogo a gefe, kuma ranar zama kada ki bar tambaya babu amsa, don ba a rage maki kan kuskure.

In kin ci, za ki ga an rubuta CPC-A, wato har yanzu almajira ce ke. Shekarunki na jinya ba sa cire wannan harafin, abin da ke ɓata wa da yawa rai. Ana cire shi da shekara biyu ta aikin kodin da shaidar waɗanda kika yi wa aikin. Kwas na awa 80 yana tsayawa a madadin shekara ɗaya, shirin Practicode na AAPC, na gwada kodin a kan fayilolin marasa lafiya, shi ma yana tsayawa a madadin ɗaya, don haka mai haɗa biyun za ta iya sauke harafin kafin ta samu aiki.

Aikin farko ya fi jarrabawar wuya. Mafi kusa shi ne asibitin da kike ciki yanzu. Ki sauka sashen bayanan marasa lafiya ki gaisa da shugabarsu, ki nemi izinin zama kusa da mai kodin a ranar hutunki, ki sa ido kan guraben cikin gida. Sun san ki, kin san kwamfutarsu, kin san wane likita ne rubutunsa a taƙaice yake. Kada ki sa rai da aiki daga gida tun ranar farko. Kuma ki sani ana ƙirga fayil nawa kika gama a awa, ana kuma bin aikinki da bincike, inda yawancin wurare suke neman daidaito kashi 95.

Sai maganar lasin da na ce ki riƙe. Akwai aikin da ake kira CDI, na taimaka wa likitoci su fayyace rubutunsu tun mara lafiya yana kwance. Medicare tana biyan asibiti ne da tsarin DRG tun 1983, kuɗi dunƙule gwargwadon nauyin cutar da aka rubuta. Likitan da ya rubuta "gazawar zuciya" kawai ya ba da I50.9. In ya fayyace cewa mai daɗewa ce ta tashi, kuma ta ɓangaren matsewar zuciya ce, lambar ta zama I50.23, hoton mara lafiyar ya fito yadda yake. Mai gano wannan giɓi sai wadda ta san ma'anar hoton zuciya da allurar fitar da ruwa, shi ya sa asibitoci suke neman nas-nas a kujerar, da albashi kusa da na jinya. Satifiket ɗinta CCDS ne na ACDIS, ƙungiyar masu aikin CDI, wanda ke bukatar shekara biyu a aikin, ko CDIP na AHIMA. A ganina nan ne ya kamata nas ta nufa, kodin ya zama tsaninta.

Ga 'yan'uwa da ke rubuto mini daga Kano da Kaduna da Kumasi suna cewa an yi musu tallar kwas da alkawarin aikin dala daga gida: ku yi hattara. Bayanan marasa lafiya a Amurka suna ƙarƙashin dokar sirri ta HIPAA ta 1996, kuma kwangiloli da yawa sun hana a buɗe fayil daga wajen ƙasar. Mai niyyar Dubai ko Abu Dabi, CPC za ta yi mata amfani, don suna aiki da ICD-10-CM da CPT. Saudiyya kuwa tsarin Ostareliya take bi, ICD-10-AM, sai a nemi kwas ɗin da ya dace da shi.

Bayan satifiket ya zo hannu, AAPC tana neman makin ƙarin ilimi 36 duk shekara biyu, ga kuɗin zama mamba duk shekara. Tarukan rassanta na gari suna ba da maki a kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, kuma a can ake jin labarin guraben aiki kafin a manna su. In asibitinki yana da tallafin karatun ma'aikata, ki cika takardar neman kuɗin kwas da na jarrabawa tun kina kan albashin nas, kafin ki miƙa takardar sauya sashe.