Darasi na Tara: Iyalin Duson da Shinkafar Luwiziyana

Iyaye da 'yan'uwa ɗalibai, kafin mu shiga karatu, kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta waɗannan kalmomi huɗu da manyan baƙaƙe: fili, jirgi, ruwa, shinkafa. Za ku yi ta cin karo da su har ƙarshen darasin. Duk inda kuka ga ɗaya, ku ja mata layi a ƙasa.

Ƙasar da aka raina

A kudancin ƙasar Amurka akwai jiha mai suna Luwiziyana, tana bakin Tekun Meksiko. Kudu maso yammacinta fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa iya ganinka, ba itatuwa sai a bakin rafuka. Mutanen farko da suka zauna a wurin su ne ƙabilar Atakapa. Daga baya wasu masu jin Faransanci suka zo, waɗanda Turawan Ingila suka fara kora daga gabashin Kanada a 1755. Jikokinsu ne ake kira Kajun.

Kiwon shanu ne babbar sana'ar wurin a lokacin. Shinkafa kuwa ta ci ce kawai ake yi. Mutum zai sami wata 'yar fadama a bayan gida, ya watsa iri, ya koma ya zuba wa sama ido. In damina ta yi kyau a yanka da lauje, a daka a turmi, yara su ƙoshi. In ruwa ya ɗauke, shi ke nan, sai baɗi. Sunan da suka sa wa wannan noma ma ya faɗi kome: shinkafar sai yadda Allah ya yi.

Manyan manoma ba su ɗauki filin a bakin kome ba, domin auduga da rake sun fi son ƙasar bakin kogin Misisifi. Abin da ba a lura da shi ba yana ƙarƙashin ƙafa. In ka haƙa ƙasar nan kaɗan, za ka tarar da yumɓu mai tauri kamar daɓe. Ruwa ba ya saurin wuce shi. Wannan daɓen yana yi wa shinkafa aiki biyu: yana riƙe ruwa a gona lokacin da ake so, kuma idan aka sallami ruwan, ƙasa ta bushe, yana iya ɗaukar nauyin dabbobi da injina ba tare da sun kafe ba. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk labarin a kan wannan yumɓu yake tsaye.

Wa da ƙane

Labarinmu na wasu 'yan'uwa biyu ne, wa da ƙane, na gidan Duson. Mahaifinsu baƙo ne. Daga Kanada ya gudo bayan tawayen 1837, ya sauka a Luwiziyana, ya yi aure. Babban ɗansa, C. C. Duson, an haife shi a 1846. Ya yi shekara 14 yana shugabancin 'yan sandan gundumar St. Landry, muƙamin da jama'a ne suke zaɓar mai shi, daga baya kuma ya shiga majalisar dattawan jiha. Ƙanensa, W. W. Duson, an haife shi a 1853, shi kuwa dillancin filaye ya kama. Wan ya san mutane da hukuma, ƙanen ya san ciniki da talla. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A farkon shekarun 1880 layin dogo ya ratsa filin, ya haɗa New Orleans da Houston ta jihar Teksas. Nan take 'yan'uwan suka gane abin da ya canza. Buhun da a da sai an yi kwanaki ana jansa a keken shanu cikin taɓo, yanzu jirgi zai kai shi babbar kasuwa. Filin da ba shi da daraja jiya, gobe zai yi, muddin yana kusa da tasha.

A 1886 aka yanki wani sashe na gundumar St. Landry aka yi sabuwar gunduma mai suna Acadia. Sabuwar gunduma tana bukatar hedkwata, inda za a gina kotu da ofisoshi. Akwai garin Rayne, wanda ya riga ya kafu, kowa yana ganin shi zai samu. 'Yan Duson da abokan kamfaninsu suka sayi fili a bakin layin dogo, wurin da ba kome sai ciyawa, suka auna tituna masu faɗi, suka yanka fuloti-fuloti. Akwai wani ma'aikacin jirgi mai suna Pat Crowley da yake da 'yar mahaɗar layi a nan kusa. Aka shawo kansa aka dawo da ita sabon wurin, aka sa wa garin sunansa. A 1887 aka yi gwanjon fuloti, kuma a shekarar nan jama'a suka kaɗa ƙuri'a, Crowley ta kayar da Rayne ta zama hedkwata.

Ku dubi jerin abin da suka yi, domin ba da ka suka yi shi ba. Tasha da farko, sai kotu. Inda kotu take, nan lauyoyi za su zauna, nan za a yi rajistar takardun fili, nan mai masauki da mai shago za su buɗe. W. W. Duson ya kuma riƙe jarida mai suna Crowley Signal, yana ta buga tallan ƙasar ana aikawa jihohin arewa.

Wan ma bai zauna ba. A 1894 C. C. Duson ya kafa garin Eunice, ya raɗa masa sunan matarsa. Yana da hannu a kafa Iota, sannan a 1907 ya yanka garin Mamou. Akwai kuma wani ƙaramin gari a kan hanya da har yau sunansa Duson.

Baƙi da injinan alkama

Wa ya amsa tallan? Manoman alkama da masara ne daga jihohi irin su Ayowa da Ilinoi, mutanen da sanyi da bashi da tsadar gona suka ishe su. Ba 'yan Duson kaɗai suke kira ba. A garin Jennings akwai S. L. Cary, ma'aikacin tasha wanda shi ma daga Ayowa ya zo, kamfanin jirgi kuma yana son fasinja da kaya. Wasu baƙin sun sayi gona, wasu sun samu ta dokar gwamnati ta 1862, wadda ta ba mutum eka 160 idan ya zauna a kai ya noma ta shekara 5.

Baƙin nan ba su san shinkafa ba. Amma da suka ganta a fadamun Kajun, sai suka ce ai wannan 'yar'uwar alkama ce. Suna da injin da alfadarai ke ja, mai yanka yana ɗaure dami da igiya. Suna da injin sussuka mai aiki da tururi. A 1884 wani manomi mai suna Maurice Brien ya gwada injin ɗaurin dami a gonar shinkafa, bayan 'yan gyare-gyare ya yi aiki. Abin da mutane da yawa za su wuni suna yi da lauje, yanzu mutum ɗaya da dabbobinsa sun isa. A tsofaffin gonakin shinkafa na Karolina da ke gabashin ƙasar Amurka, inda bayi 'yan Afirka ta Yamma suka yi aikin da hannu da iliminsu na gado, ƙasar taɓo ce, inji ba ya shiga. A nan kuwa daɓen yumɓu ya ɗauke shi.

Ruwa ya hau tudu

Nan ne wurin da ya kamata mu daɗe. Inji ya sa an faɗaɗa gonaki, amma har yanzu sama ake kallo. A farkon shekarun 1890 aka yi fari, mutanen da suka ci bashi suka sayi inji suka ga shukarsu ta ƙone a tsaye. Ga rafuka cike da ruwa a kusa, sai dai suna can ƙasa, gonaki suna sama. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu don kansa.

A 1894 'yan'uwa na gidan Abbott suka fara gina hanyar ruwa kusa da Crowley, 'yan Duson suka shiga aikin tare da su. Dabarar tana da ban sha'awa. Ba rami suka haƙa ba. Sun nemi doron ƙasa mafi tsawo a filin, suka tayar da ganuwar ƙasa guda biyu a jere, suka bar tsakiyarsu. A bakin rafi aka kafa famfo mai injin tururi, yana ɗaga ruwa yana zubawa a tsakanin ganuwoyin. Tun da hanyar ta fi gonaki tsawo, manomi ƙofa kawai zai buɗe, ruwa ya gangaro masa.

Bari mu shiga gona ɗaya mu gani. Manomi ya yi huɗa, ya bi kwanciyar ƙasa ya tayar da kunyoyi masu lanƙwasa, ya raba gonar fangali-fangali yadda ruwa zai kwanta daidai a kowanne. Ya shuka. Shinkafa ta fito ta kai kamar tsawon tafin hannu, sai ya buɗe ƙofa. Ruwa ya cika fangalin sama, ya tsallaka na ƙasa da shi, haka har na ƙarshe. Daga ranar nan aikinsa ya koma sintiri. Kullum da safe yana bin kunya da shebur a kafaɗa, yana neman inda ɓera ko wani ƙwaro ya huda, domin rami kamar yatsa zai iya zama ɓaraka kafin azahar. Ruwan da ya kwanta ba shayarwa kaɗai yake yi ba, shi ne mai nome ciyawa, don yawancin ciyayi ba sa jure nutsewa. Da zangarniya ta sunkuya ta fara ja, sai ya fasa kunya ya sallami ruwan, ya jira ƙasa ta yi tauri, sannan alfadarai su shigo.

Ruwan nan ba kyauta ba ne. Kamfanin da ya gina hanyar yakan karɓi wani kaso na amfanin gona a matsayin kuɗin ruwa. Kuma wata matsalar ta ɓullo: idan fari ya tsananta aka yi ta zuƙar rafuka, ruwan gishiri yakan biyo daga teku ya cike gurbin, gishiri kuwa kashe shinkafa yake yi. Shi ya sa manoma da yawa suka koma haƙa rijiyoyi masu zurfi a gonakinsu.

Sauran gyaran a wajen iri da casa aka yi shi. A da sai an kai shanshera New Orleans a cashe, masu injin can su yanka farashin da suka ga dama. Da aka gina injinan casa a Crowley da maƙwabta, riba ta fara zama a gida. Tsohon irin da ake shukawa yana yawan karyewa a inji, karyayyiyar shinkafa kuwa ba ta da kuɗi. A 1898 gwamnati ta aiki wani masanin noma mai suna Seaman Knapp zuwa Japan, ya dawo da irin Kiyushu mai gajeriyar ƙwaya wanda ya fi jure casa. A 1909 aka buɗe tashar binciken shinkafa a Crowley. A 1912 wani manomin yankin, Sol Wright, ya fitar da irin da ya sa wa suna Blue Rose, bayan ya yi shekaru yana zaɓen zangarniya da hannunsa. C. C. Duson bai ga wannan ba, ya rasu a 1910. Ƙanensa ya kai 1929. Tun 1937 ake yin bikin shinkafa a Crowley.

Ni a ganina 'yan Duson sun cancanci yabo, amma a san irin yabon. Ba su ƙirƙiro inji ba, ba su fitar da iri ba. 'Yan kasuwar fili ne, kuma sun ci riba sosai. Abin da ya bambanta su shi ne ba su sayar da fuloti sun juya baya ba, sun tsaya har ruwa ya iso gonar wanda ya saya. Sannan ina jin ciwon yadda sunayen wasu suka ɓace. Baƙaƙen fata da talakawan Kajun da suka tayar da ganuwoyin nan da shebur, suka ɗinke buhuna cikin ƙura da ƙaiƙayi, ba a raɗa wa gari ko ɗaya sunansu ba. Idan kuna karanta tarihin kafa kowane gari, ku riƙa tambayar wane ne ya ɗauki ƙasar da aka yi ginin.

Aikin aji

Ku amsa da baki tukuna, sannan kowa ya rubuta amsa ɗaya a jimla cikakkiya. Wane aiki biyu yumɓun ƙarƙashin ƙasa yake yi wa manomin shinkafa? Me ya sa 'yan Duson suka nemi tasha da kotu kafin kome? Don me aka gina hanyar ruwa a kan doron ƙasa maimakon a haƙa ta?

Ga lissafi. An kafa Crowley a 1887, Eunice a 1894. Shekara nawa ne tsakaninsu? C. C. Duson ya rayu daga 1846 zuwa 1910, yana da shekara nawa ke nan, in muka debe ƙaramar lamba daga babba? Na uku ya ɗan fi wuya, ku yi shi biyu-biyu. A ce wani manomi ya sami buhu 200, a ce kuma kuɗin ruwa buhu ɗaya ne cikin kowane biyar. Buhu nawa zai ba kamfanin ruwa, nawa za su rage masa? Wanda rabawa take ba shi wahala ya zana layuka 20, kowane layi ya tsaya a madadin buhu 10, ya ware su biyar-biyar.

Aikin gida

Ka ɗauka kai manomin alkama ne a Ayowa a 1890, ga tallan W. W. Duson a hannunka. Rubuta masa gajeriyar wasiƙa, layi biyar zuwa bakwai. Sa kwanan wata a sama, ka yi gaisuwa, ka yi masa tambayoyi uku da kake son amsarsu kafin ka sayar da gonarka ka kwaso iyali. Ɗaya daga cikin tambayoyin ta kasance a kan ruwa. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya faɗa wa abokin zamansa ya rubuta masa, shi kuma ya kwafe da kansa ya sa hannu a ƙasa.