Yadda ake tsara wasan da zai karɓu a Nintendo Switch

Switch, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo, ta fito a 2017, ana riƙe ta a hannu, ana kuma jona ta da talabijin. Dole wasanka ya dace da duka biyun.

Fara da rubutu, domin nan ake yawan tuntuɓe. Allon samfurin farko inci 6.2 ne kacal. Haruffan da ke fitowa tangaran a talabijin sai su ƙanƙance a hannu, su gagara karantuwa. Gwada su a ƙaramin allon tukuna.

Yanka wasan gunduwa-gunduwa, minti 10 zuwa 15, ya riƙa adana ci gaba da kansa, domin wasa mai nauyi kan cinye batirin samfurin farko cikin kusan awa 3. Kada ka wajabta intanet. In da hali, bari mutum biyu su raba Joy-Con, wato ƙananan na'urorin sarrafa wasa guda biyu da ake cirewa daga gefen Switch, kamar a wasan Mario Kart 8 Deluxe.