Yadda za ka auna aikin sauti da sauran magungunan karkarwar hannu

Tun bara Kawuna ya daina karɓar gahawa a gaban baƙi. A zamanmu na bayan Isha'i a nan Jidda ɗan kaɗan ake zubawa a finjali, amma kafin ya kai baki rabi ya ƙare a gaban rigarsa. Ana nan sai wani ɗan'uwa daga Makka ya turo bidiyo a WhatsApp: an tura wani dattijo cikin na'ura, ya fito ya zana da'ira tsaf, ba wuƙa ba ɗinki. Da yake a saidaliyya nake aiki, sai dangi suka ce ni zan bincika. Ga hanyar da na bi.

Fara da sunan cutar. Karkarwar Parkinson ta fi tashi idan hannu yana ajiye a cinya. Irin ta Kawu kuwa, wadda likitoci ke kira essential tremor, sai ya ɗauki cokali ko alƙalami take farawa, kuma takan bi gida, don kakarmu ma ta yi ta. Ciwon tayirod (wata gaɓa da ke gaban wuya), yawan gahawa, da maganin asma na shaƙa duk suna sa hannu rawa. Likitan jijiyoyi ne zai rarrabe, da gwajin jini.

Sannan ka san abin da ake yi a cikin na'urar. Da sauti take aiki, dangin wanda ake yi wa masu ciki sikanin da shi, sai dai a nan ana harba shi daga wurare sama da 1,000 a cikin wata hula, duk su haɗu a ɗigo guda, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi a rana. Zafin yana ƙona ɗan wuri a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, likita yana kallo ta MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, mara lafiya ido biyu yana zana da'ira ana duba ko hannun ya lafa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2016. Ka riƙe kalmar ƙuna, domin abin da aka ƙona ba ya dawowa.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: da me aka kwatanta? Bidiyo mutum ɗaya yake nuna maka, a ranar da ya fi kyau. Binciken da aka dogara da shi ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 2016, ƙarƙashin Dakta Jeffrey Elias na Jami'ar Bajiniya. Mutum 76 aka raba ta hanyar ƙuri'a, 56 aka yi musu aikin gaske, 20 aka sa su a na'urar ba tare da an ƙona komai ba, kuma ba a gaya musu ba. A ma'auni mai maki 32, karkarwar rukunin farko ta sauka daga 18.1 zuwa 9.6 bayan wata uku. Ta rukuni na biyu daga 16.0 ta koma 15.8, wato tana nan daram. To aikin yana yi, wannan ba gardama. Amma raguwar kusan rabi ce a matsakaici, hannu bai koma na saurayi ba.

Kada ka tsaya a nan, ka gangara inda aka rubuta illa, wurin da masu talla ba sa kaiwa. A wannan binciken kashi 36 cikin ɗari sun sami tangaɗi wajen tafiya, kashi 38 sun ji mutuwar jiki ko tsira-tsira a wasu sassa. Bayan shekara guda tangaɗin bai bar kashi 9 ba, ɗayan kuma bai bar kashi 14 ba. Na karanta wa Kawu wannan sau biyu, domin mutum ne da ke zuwa masallaci a ƙafa sau biyar, gwiwa kuma ta riga ta fara gardama.

Duba kuma su wa aka saka a binciken. Duk waɗanda suka gwada aƙalla magani biyu ne bai yi musu ba. Ba a gwada sautin da ƙwaya ba, ba a kuma gwada shi da tiyatar dasa waya a ƙwaƙwalwa ba, wadda Amurka ta amince da ita tun 1997. Ita wannan sai an huda ƙoƙon kai an sa batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, akwai haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, amma ana iya ƙara ƙarfinta, a rage, ko a kashe. Duk wanda ya ce maka bincike ya nuna sauti ya fi ta, ka ce ya kawo wanda aka jera su biyun a kan marasa lafiya iri ɗaya.

Ƙwayoyin su ne propranolol da primidone. Na farko ba a ba mai asma, na biyu yakan sa jiri da barci a kwanakin farko. Ashe Kawu bai taɓa shan ko ɗaya a kan ƙa'ida ba.

In har an zo maganar aikin, sai an yi hoton CT na ƙoƙon kai, don wani ƙashin ba ya barin sauti ya ratsa yadda ake so. Gefe ɗaya ake yi a zama guda. Sai a 2022 aka amince da yin na biyu, bayan aƙalla wata tara. Kuma nasarar sautin a karkarwa ba hujja ba ce cewa zai yi maganin ƙari a mahaifa ko ciwon mafitsarar maza, kowanne da nasa binciken.

Da na gama bayani na ce, “Kawu, akwai kuma aski, sai an yi maka ƙwal.” Ya yi dariya ya ce wanda ke umara duk Ramadan ba a tsorata shi da aska. Likita ya auna bugun zuciyarsa, ya ɗora shi a kan propranolol kaɗan-kaɗan, ya ce mu dawo bayan mako shida da takardar da Kawu zai riƙa zana da'ira a kai kowace safiya. Tana nan manne a jikin firij, da kwanan wata a ƙasan kowane zane.