Yadda za ka gane yankin da waƙar Romaniya ta fito

Shekarata ta farko a birnin Kuluj na Romaniya, duk kiɗan gargajiyar Romaniya ɗaya nake jin sa. Ranar da na faɗi haka a wani biki, ran wani dattijo ɗan yankin Maramuresh ya ɓaci. Ya ce waƙar da ake yi ba ta yankinsu ba ce, ko cikin barci zai gane. A wurinsa na koyi wannan hanya.

Fara da kayan kiɗan, ka bar kalmomin tukuna. In ka ji gogen da suke kira cetera, tare da zongora, wata gita da ake riƙewa a tsaye, ga ganga tana bi, to kana Maramuresh, can arewa. Goge mai ƙahon ƙarfe a jiki na yankin Bihor ne. Tulnik kuwa doguwar abar busa ce kamar kakaki, sai dai ta itace. A tsaunukan Apuseni mata ne suka fi shahara da busa shi, har a taron Dutsen Gaina na watan Yuli. A kudu, wajen Bukarest, tsambal da ake bugun igiyoyinsa da sanduna ne ke jan ragama.

Sai murya, kuma nan ne zuciyata ta fi karkata. Nemi doina, wadda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2009. Mutum ɗaya ke rera ta, ba kiɗan da zai ɗaure shi, yana ja yana saki yadda ransa ya so. Abin da ke cikinta shi suke kira dor: kewar gida, bege, rabuwa. Kada ka tafa, kada ka nemi taku. Zauna ka saurara. In ka ji muryar tana ƙullewa a maƙogwaro kamar shessheƙa, salon Maramuresh ke nan, inda masanin kiɗa Bela Bartok ya bi ƙauyuka yana naɗar waƙoƙi a 1913.

A YouTube, rubuta sunan yanki ko ƙauye, ba sunan ƙasar kawai ba, ka zaɓi bidiyon biki ko na tsakar gida. Na talabijin an yi masa kwalliya da yawa, ƙamshin ƙauyen ya gudu.

In Allah Ya haɗa ka da ɗan ƙasar, tambaye shi, "De unde e?", wato daga ina take. Dattijon nan sunan ƙauyen mahaifiyarsa ya faɗa min, sannan ya rera baiti biyu.