Yadda Ɗan Asalin Amurka Zai Bi Ya Zama Likita Ya Koma Gida

To, in kai ɗan Nabaho ne ko Cherokee ko wata ƙabila cikin sama da 570 da gwamnatin Amurka ta amince da su, kuma kana so ka zama likita ka koma yi wa mutanenka aiki, tun daga sakandare ake fara shiri. Jami'ar North Dakota tana da shirin INMED, na taimaka wa 'yan ƙabilun su shiga fannin likitanci, tun 1973, lokacin hutun bazara suna tara yaran ƙabilu su ɗora su kan lissafi da kimiyya. In ka samu shiga kar ka yi wasa da shi.

A can ba a shiga karatun likita kai tsaye fa, sai ka yi digirin farko shekara 4 tukuna, ka zauna jarabawar MCAT ta neman shiga karatun likita, sannan wasu shekara 4 a makarantar likitanci.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke kayar da mutane da yawa. Nemi sikolashif ɗin IHS, hukumar lafiyar ƙabilun da aka kafa a 1955, amma ka fara tanadar takardar shaidar kai ɗan ƙabila ne don ba za su saurare ka da fatar baki ba, kuma ka sani ba kyauta ba ce, kowace shekara da suka biya maka za ka rama da shekara guda ta aiki a asibitin ƙabila, mafi ƙaranci shekara 2, ana dai ɗaga maka ƙafa har ka gama horon ƙwarewa. Ni dai ban ga aibun wannan sharaɗi ba tunda dama gida ka nufa.

Wajen zaɓen makaranta duba wadda Jami'ar Jihar Oklahoma ta buɗe da ƙabilar Cherokee a Tahlequah a 2020, ita ce ta farko irinta a ƙasar ƙabila, kana karatu kana ganin masu ciwon suga irin waɗanda za ka riƙa dubawa gobe.

Kar ka yar da yarenku, tsohuwa ba ta faɗin ainihin ciwonta ta bakin tafinta. Ka yi koyi da Susan La Flesche 'yar ƙabilar Omaha da ta gama karatun likita a 1889 ta koma wa mutanenta, da doki take zagaya marasa lafiya gida gida, har ta buɗe asibiti a garin Walthill na yankinsu a 1913.